Yadda Abincin Leburorin Kankun Ya Zama Abin Kai Baƙi Yawo

 

Abin da ya jawo wannan muƙala wata ɗabi'a ce da ta yi mana yawa a labaran da muke rubutawa a waya. Da zarar an ɗaura auren jarumi da jaruma, sai mu ɗora su a jirgi mu kai su yawon amarci. Da Dubai ce, aka koma Faris da Istanbul, yanzu kuma har Kankun ta ƙasar Meksiko ana kai su. Wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne in an isa can ba ma ganin komai sai gado da labule da ruwan teku, kamar garin babu mutane. In ma marubuci ya yi ƙoƙari ya leƙa intanet ya kwafo sunan abinci, sai ka tarar ya zaunar da Alhaji da amaryarsa suna cin tako al pastor suna santi, bai san naman alade ya ba su ba. Shi ya sa muka ɗauki abu guda ƙarami daga rayuwar waɗannan garuruwa na bakin teku don mu bi tarihinsa. (Da gangan muka rubuta Kankun da k. Masu garin da c suke rubuta shi, amma Bahaushe in ya ga c zai karanta ta yadda yake karanta can da cin.)

Abin da muka ɗauka shi ne yawon ɗanɗanon abincin titi. Baƙon da ya sauka a otal ɗin bakin teku zai biya kuɗi ta intanet, da yamma ya haɗu da wasu baƙi, kamar mutum takwas ko goma, a wata kusurwa ta cikin gari. Ɗan jagora mai jin Turanci zai shige gaba ya bi da su rumfa-rumfa na awa uku ko fiye, nan a ci tako biyu, can a sha wani abu mai sanyi, gaba a ɗanɗana gasasshen kifi. A kowace tasha yana ba da labarin abincin cikin minti biyu ko uku. Ana yin haka a Kankun da Playa del Carmen da ke gaɓar Karibiyan, ana yi a Puerto Vallarta da Los Cabos da ke yammacin ƙasar. Tambayar da ta tsaya mana ita ce: me zai sa mutum ya biya kuɗi mai kauri don a raka shi ya ci abin da lebura ke saye da canjin aljihunsa?

Dole mu faro daga masara, don ita ce tushen kusan duk abin da za a ci a wannan yawo. A kudancin Meksiko, a kwarin kogin Balsas, aka fara mayar da wata ciyawar daji mai suna teosinte ta zama masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Amma hikimar da ta fi ta noman ita ce ta sarrafawa. Mutanen yankin sun gano cewa in aka dafa ƙwayar masara a ruwan toka ko na ƙonannen farin dutse, aka bar ta ta kwana a ciki, sai dusar ta saki, ƙwayar ta yi laushi. In an niƙa ta a dutse tana ba da ƙulli mai danƙo da za a iya faɗaɗawa da tafin hannu bai farfashe ba. Shi ake lallatsawa ya yi faɗin ƙaramin faifai, a gasa a kan wani kasko marar zurfi da suke kira komal. Wannan shi ne tortiya. In an ɗora masa nama ko wake ko kifi aka naɗe, ya zama tako. Wani amfanin jiƙon kuma shi ne yana sakin sinadarin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara. Turawa sun kwashi masarar zuwa ƙasashensu suka baro dabarar, sai talakawan arewacin Sifaniya da na Italiya da suka dogara da ita suka riƙa kamuwa da felagra, cutar da ke ɓata fata, ta kawo zawo, har ta taɓa hankali. Wani likitan Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana ta tun 1735. Mu ma masararmu daga wannan nahiya ta zo, haka barkono da tattasai da attaruhu. Ita kanta kalmar tumatir asalinta tomatl ne a harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, ta biyo ta bakunan wasu al'ummu kafin ta iso namu.

Sayar da dafaffen abinci a fili kuwa ya girmi zuwan Turawa. Lokacin da Hernán Cortés da rundunarsa suka shiga Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a watan Nuwamban 1519, abin da ya fi ɗaure musu kai har da kasuwar Tlatelolco. A wasiƙar da ya aika wa sarkin Sifaniya a 1520, Cortés ya ƙiyasta cewa sama da mutum 60,000 ke cin kasuwar kullum, kuma ya ambaci wuraren da ake sayar da abinci da abin sha. Bayan an ci birnin da yaƙi a 1521, wani malamin coci, Bernardino de Sahagún, ya shafe shekaru yana zama da dattawan Aztek yana rubuta rayuwarsu a harshensu. A cikin kundinsa mai juzu'i 12, wanda yanzu yake ajiye a birnin Florence na Italiya, akwai bayanin masu sayar da tortiya da masu sayar da tamal, wato ƙullin masara da ake naɗewa a ɓawonta a turara, kusan yadda muke yin alala. Har ya bambance mai sana'ar kirki da mai ha'inci. Duk marubucin da ke neman misalin yadda ake sauraron mutane kafin a rubuta su, ga shi nan tun ƙarni na 16.

Sifaniyawa suka zo da alade da shanu da tumaki da awaki da alkama da albasa da lemon tsami. Alade ya fi kowace dabba saurin yaɗuwa, kitsensa ya shiga tukunyar wake da ƙullin tamal, kuma har gobe yana ciki a wurare da yawa. Tare da dabbobin kuma aka shigo da raini. Na tsawon ƙarnuka burodin alkama ne abincin mai hali, tortiya kuwa na talaka da ɗan ƙauye. A zamanin Porfirio Díaz, wanda ya riƙe ƙasar kusan ba yankewa daga 1876 zuwa 1911, manyan birnin Meksiko girkin Faransa suke tinƙaho da shi. Har wani ɗan boko mai suna Francisco Bulnes ya fitar da littafi a 1899 yana raba 'yan Adam zuwa masu cin alkama da masu cin shinkafa da masu cin masara, ya ce masu alkama ne kaɗai aka yi don ci gaba. Ku riƙe wannan magana, don za ta dawo mana a bakin teku.

Shi kansa sunan tako bai tsufa kamar abincin ba. Masanin tarihi Jeffrey Pilcher, wanda ya fitar da littafin Planet Taco a 2012, yana ganin kalmar ta fito ne daga ramukan haƙar azurfa na ƙarni na 18, inda ake kiran takardar da aka naɗe albarushi a cikinta don fasa dutse da suna tako. Daga nan sunan ya hau kan tortiyar da mahaƙa ke naɗe abincinsu. A ƙarshen ƙarni na 19 rumfunan tako suka fara bayyana a unguwannin ma'aikata na babban birni, juyin juya halin da ya ɓarke a 1910 kuma ya ƙara koro mutanen karkara zuwa birni, kowa da irin girkin jiharsa. Injin niƙa da injin yin tortiya suka zo daga baya suka rage wa mata awannin da suke ɓatawa a durƙushe gaban dutsen niƙa, abin ya ƙara araha.

Yanzu ga labarin wanda Alhajinmu ya ci. Daga shekarun 1880 mutanen Labanon da Sham suka riƙa barin daular Usmaniyya suna bazuwa a duniya. Wasu suka sauka Afirka ta Yamma, su ne Kwarorin da muka sani. Wasu suka sauka Meksiko, inda ake ce musu Turkawa saboda takardun tafiyarsu na Usmaniyya ne. Mahaifin attajirin nan Carlos Slim yana cikinsu, ya isa ƙasar a 1902. A shekarun 1930, a birnin Puebla, baƙi daga Gabas ta Tsakiya suka fara sayar da nama da aka jera a tsayayyen tsinken ƙarfe yana juyawa gaban wuta, wato shawarma, ana naɗe shi a gurasar alkama. Aka sa masa suna takon Larabawa. Da yake yawancin waɗannan baƙi Kiristoci ne, kuma alade ya fi rago araha da samuwa, naman ya sauya. Zuwa shekarun 1960 a babban birni masu sana'ar suka jiƙa naman da jan barkono da garin wani jan iri mai suna aciyote, suka ajiye gurasa suka ɗauki ƙaramin tortiya, suka ɗora abarba a saman tsinken. Shi ne al pastor, ma'ana irin na makiyayi. Tulin naman da ke juyawa suna ce masa trompo, wato katantanwar da yara ke murzawa, don siffarsu ɗaya. Kenan shawarmar da muke saye a Kano da takon da ake yi wa layi a Kankun kakansu guda, sai dai ɗaya ya halatta gare mu, ɗayan bai halatta ba.

Duk wannan a tsakiyar ƙasa ya faru, a kan tudu, nesa da teku. To yaya abincin ya gangaro gaɓa? Mutane ne suka kawo shi, su kuma otal ne ya kira su.

Akapulko ce ta fara. Tsohuwar tasha ce, daga 1565 zuwa 1815 jiragen ruwan Sifaniya suna zirga-zirga tsakaninta da Manila ta ƙasar Filifin. Shugaba Miguel Alemán, wanda ya yi mulki daga 1946 zuwa 1952, ya zuba mata tituna da gine-gine har ta zama wurin hutun taurarin fim. A nan John Kennedy da amaryarsa Jacqueline suka yi yawon amarci a 1953, don haka marubutanmu ba su ne farau ba. Puerto Vallarta ta jihar Jalisco kuwa ƙaramin garin masunta ne da ba a san shi ba, sai da John Huston ya je kusa da shi ya ɗauki fim ɗin The Night of the Iguana a 1963. Richard Burton ne jarumin, Elizabeth Taylor ta biyo shi alhali kowannensu na da aure, 'yan jarida suka yi dafifi don tsegumi, hotunan garin suka zaga duniya.

Amma Kankun daban take, kuma a kanta muke son mu daɗe. Sauran garuruwan sun tarar da baƙi ne, ita kuwa don baƙi aka ƙirƙire ta. A ƙarshen shekarun 1960 Babban Bankin Meksiko yana neman hanyar shigo da dala. Juyin juya halin Kuba na 1959 ya rufe wa Amurkawa birnin Havana, jiragen sama masu sauri sun rage nisa, tsibiran Karibiyan suna ta kwasar kuɗi. Jami'an bankin suka tattara bayanai kan yanayin zafi da ruwan sama da ingancin yashi da nisan tafiya daga biranen Amurka, suka zuba a kwamfuta, suka kuma zaga gaɓar ƙasar da kansu. Zaɓinsu ya faɗa kan wani siririn tsibiri mai siffar lamba 7 a yankin Quintana Roo, tsakanin teku da wani tafki. A lokacin masu gadin gonar kwakwa ne kawai ke zaune a kansa, sai ƙauyen masunta na Puerto Juárez a kusa. Aka kafa asusun Infratur a 1969 ƙarƙashin Antonio Enríquez Savignac, aka fara aiki a 1970, Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ba da rancen dala miliyan 21.5 a 1971. Otal-otal na farko suka buɗe a 1974, shekarar da Quintana Roo ta zama cikakkiyar jiha, kuma shekarar da aka kafa hukumar Fonatur wadda ta ci gaba da irin wannan aiki a Ixtapa da Los Cabos da Loreto da Huatulco.

Yankin da aka zaɓa yana da nasa tabo. Ƙasar mutanen Maya ce, waɗanda suka yi wa masu mulki tawaye a 1847, kuma sai 1901 sojojin gwamnati suka iya shiga hedikwatarsu ta Chan Santa Cruz. Jikokin waɗannan mutane, da masu tatsar ƙaron itacen da ake yin cingam da shi, su ne suka sare dajin, suka cike fadama, suka ɗauki bulo. Daga baya ma'aikata suka kwararo daga Yukatan da Tabasko da Ciyafas da Berakurus da babban birni. Masu zanen garin sun raba shi biyu tun a takarda. Tsibirin na baƙi ne, da titi guda mai tsawon sama da kilomita 20 da otal-otal jere a gefensa. Ƙetaren gada kuma aka yanka wa ma'aikata unguwanni. Mutane suka fi ƙarfin zanen, unguwanni suka yi ta tsirowa a bayan gari, wasu babu kwalta babu ruwan famfo na tsawon shekaru. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 888,797 a birnin da shekara 50 kafin nan ba ya kan taswira.

Mutumin da ya bar gida da asuba ya hau bas zuwa otal, ya dawo bayan isha, ina zai ci abinci? A bakin titi. Matar da ta zo daga ƙauyen Yukatan ta kafa teburin kocinita pibil, naman alade da ake shafa wa aciyote da ruwan lemo mai tsami, a naɗe a ganyen ayaba a binne a ramin wuta ya kwana. Ramin, wanda Maya ke kira pib, ya girmi aladen, don kafin zuwan Sifaniyawa barewa da talotalo ake gasawa a ciki. Wata ta soya salbut da panuco, ƙananan tortiya da ake ɗora wa kaza ko talotalo da jar albasa da habanero, ɗan uwan attaruhunmu. Ɗan babban birni ya kafa katantanwarsa ta al pastor. Mai akwatin gilashi ya zaga da kibi, soyayyen curin alkama da nama da Kwarorin Yukatan suka bari. Da dare mai markesita ya fito, wata siririyar waina mai ƙarau da ake naɗewa da cukun ƙasar Holan a ciki. Kasuwar da ake kira Mercado 23 da dandalin Parque de las Palapas suka zama wurin cin abincin garin. Ba wanda ya tsara wannan a takardar banki. Yunwar ma'aikata ce ta gina shi.

A can tsibiri kuwa tafiyar ta bi wata hanya. Kamfanin Club Med, wanda aka kafa a 1950, shi ya yi suna da tsarin da baƙo zai biya sau ɗaya, kwana da ci da sha duk a ciki. Bayan guguwar Gilbert ta daki Kankun a Satumban 1988, otal-otal suka karya farashi don baƙi su dawo, kuma a shekarun da suka biyo baya wannan tsari ya mamaye gaɓar. Ana ɗaura wa baƙo wani warwaron roba a hannu, da shi zai ci ya sha har ya tafi. Wanda ya riga ya biya kuɗin abincin mako guda, me zai fitar da shi? Ga kuma tsoro. Amurkawa sun daɗe suna yi wa gudawar matafiya laƙabi da ramuwar Montezuma, sunan sarkin Aztek da Cortés ya kama, kuma gargaɗin da ake yi wa baƙo shi ne kada ya sha ruwan famfo, kada ya ci abin da aka sayar a titi. Gargaɗin ruwan yana da tushe. Amma a ganinmu akwai ragowar rainin Bulnes a cikin sauran, don wanda ya dafa abincin otal ɗin sau da yawa shi ne ke tsayawa a rumfar titi ya ci nasa in ya tashi aiki. Haka aka wayi gari mutum zai yi kwana bakwai a Meksiko ya koma gida bai ɗanɗana abin da 'yan Meksiko ke ci ba, masu gidajen abinci na cikin gari kuma suna ta kukan rashin ciniki.

Daga baya ra'ayi ya juya. Shirye-shiryen talabijin irin na Anthony Bourdain, wanda ya fara No Reservations a 2005, suka nuna wa Turawa cewa zama a kan kujerar roba a bakin titi abin alfahari ne. A watan Nuwamban 2010, a taron da ta yi a Nairobi, hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun da duniya ta gada, tana kafa hujja da girkin jihar Michoacán da tsarin noman masara da wake da barkono. Wayar hannu da shafukan yin rajista suka sauƙaƙa wa ƙaramin kamfani samun baƙi ba sai ya bi ta teburin otal ba. A wannan tsakanin ne kamfanonin yawon ɗanɗano suka yawaita, daga babban birni zuwa garuruwan gaɓa. Netflix ta fitar da shiri a kan tako kaɗai a 2019. A watan Mayun 2024 kuma kundin Michelin, wanda manyan masu girki na duniya ke mafarkin shiga, ya ba wata 'yar rumfar tako ta babban birni, El Califa de León, tauraro guda. Tun 1968 take wurin, abokan cinikinta a tsaye suke ci.

To ga amsar tambayarmu ta farko. Abin da baƙo ke biya ya wuce kuɗin tako. Yana sayen natsuwa, don ɗan jagora ya san rumfar da layinta ba ya yankewa, wadda mai karɓar kuɗi daban mai taɓa abinci daban, wadda ƙanƙararta daga tataccen ruwa take. Yana sayen harshe, don bai iya tambaya da Sifaniyanci ba. Sannan yana sayen labari, kuma nan ne ya kamata mu masu alƙalami mu kasa kunne. Labarin minti uku yana son jarumi guda da rana guda. Gidajen tako fiye da ɗaya a babban birni kowanne na cewa shi ya ƙirƙiro al pastor. A Los Cabos za a ce wa baƙo masuntan Japan ne suka koya wa mutanen Ensenada soya kifi cikin ƙulli har aka samu takon kifi, maganar da ake ta ja-in-ja a kanta. A Puerto Vallarta akwai kifin da ake soke wa a sanda a gasa a bakin ruwa, ana ce masa pescado embarazado, wato kifi mai ciki, kuma bayanin da ake bayarwa shi ne kunne ne ya gurɓata en vara asado, gasasshe a kan sanda. Irin wannan yana da daɗin ji, baƙi su yi dariya su ɗauki hoto. Abin da ba kasafai yake shiga minti ukun ba shi ne wanda ya sare dajin, da nisan unguwar da mai rumfar ke kwana.

Ba mu ce sana'ar cuta ce ba. Mai rumfa na samun mutum goma a lokaci guda, sau da yawa a sa'ar da kasuwa ta yi sanyi, wasu baƙin kuma su dawo washegari da ƙafarsu. Matasan gari masu jin Turanci sun samu aikin da ya fi ɗaukar tire. Sai dai kuɗin da mutum ɗaya ke biya zai sayi tako gommai, kuma abin da ke isa hannun mai wuta bai wuce kuɗin abin da aka ci ba da ɗan ihsani. Sauran na kamfani ne da shafin da aka yi rajista ta kansa. Fiye da rabin ma'aikatan Meksiko suna aiki ne ba tare da rajista ko inshora ba, masu abincin titi da yawa suna cikinsu, kuma hukumomin da ke tallata tako a ƙasidun yawon buɗe ido su ne kan tashi masu tebur daga wuraren da baƙi ke wucewa in ba su da takardar izini.

Ga mai son kai jarumansa Musulmi wannan yawo, akwai abin da za su ci. A Puerto Vallarta akwai birriya, farfesun da asalinsa na akuya ne daga jihar Jalisco, ko da yake maganar yanka tana nan. Mafi kwanciyar hankali shi ne kifi da jatan lande da gasasshiyar masara da ake shafa wa lemon tsami da barkono. Kalmar da jaruma za ta riƙe ita ce manteka, kitsen alade, ta tambaya kafin ta ci wake ko tamal. Wasu kamfanonin kuma suna rufe yawon da ɗanɗanon tekila ko meskal, duk giya ce. A bakin ruwan Vallarta za su ga masu tallan tuba, ruwan itacen kwakwa mai kama da bammi kafin ya yi tsami, sana'ar da mutanen Filifin suka kawo a jiragen Manila da muka ambata.

Mun bar abin sha na ƙarshe don shi ya fi ba mu mamaki. A kusan kowace rumfa akwai manyan tuluna na gilashi, kuma launi uku ne suka fi yawa. Mai ruwan ƙasa tamarindo ne, tsamiya ce da sukari. Farin shi ne orcata, a Meksiko da shinkafa da kirfa ake yin sa, amma a Balensiya ta Sifaniya inda sunan ya fito da aya ake yi, kunun aya sak, har Sifaniya kan sayi aya daga Nijar da maƙwabtanta. Jan kuwa suna rubuta shi jamaica su furta hamaika, kuma zoɓo ne, ba wani abu ba. Meksiko tana noma shi a jihohi irin su Guerrero, amma abin da take sha ya fi abin da take nomawa, don haka take saye daga waje, musamman Najeriya da Sudan. Mafi yawan zoɓon da Najeriya ke fitarwa can yake tafiya. An taɓa dakatar da cinikin na wasu shekaru saboda wani ƙwaro da aka samu a cikin kaya, manoma da 'yan kasuwar Jigawa da Kano suka ji a jikinsu, daga baya aka ci gaba. Don haka in amaryar labarinku ta sauko daga bas mai lamba R-1, wadda ke jigilar ma'aikatan otal tsakanin tsibiri da cikin gari, ta tsaya a Parque de las Palapas aka miƙo mata jan kofi mai sanyi, ba abin mamaki ba ne in buhun da aka jiƙa ya taso daga kasuwar Maigatari.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.